Yadda Baba Ke Cin Abinci Yanzu

"Baba, ku taɓa ko loma guda," in ji Mashkura.

Malam Siddiƙu bai motsa ba. Tun da masu garkuwa suka sako shi daga dajin bayan Shinaka, ba abin da ke shiga cikinsa sai kunun da ake ɗura masa. Likita ya ce in aka ci gaba haka, ba zai daɗe ba. Shi ya sa ta roƙi ogansu na ofis ya shigar da su tsohon kulob ɗin manya a Sakkwato, ko sauyin wuri zai taimaka.

Ma'aikaci ya ajiye gasasshen naman rago da shinkafa, ya rusuna ya koma. Mashkura ta kawar da cokula.

"Mi kuka so a kawo, Baba? Ko tuwo?"

Farin ƙyallen tebur kawai yake kallo.

A teburin baya wani Alhaji ya daka wa iyalinsa tsawa: "Ku ci maza ku tashi!"

Baba ya sunkuyar da kai, ya zuba hannu biyu cikin faranti. Yana haɗiya, ba ya ko taunawa. Da Alhajin ya daina tsawa, sai Baba ya janye hannuwansa, ya zauna yana jira.

Mashkura ta daɗe tana kallonsa. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ta tura farantin gabansa, ta ɗaure fuska.

"Kai, tsoho," ta ce. "Ci."

Ya ci.