Masaƙin Ragar Janbaki

Malam Ɗanjuma ya ce shi bai ga dalilin tsira wa lafiyayyar jaririya allura ba, in ƙyandar ta shigo gari sai a yi a lokacin. Yana magana yana leƙen ƙofa, ga goyon a kafaɗarsa. Hajiya Kuluwa, wadda ta tsufa a aikin jinya, ta ajiye allurar a faranti, ta ce ya zauna ta ba shi wani misali.

Wani manomi ne ya gaji gida, ya gaji gona, ya kuma gaji wani tsoho a ɗakin ƙurya. Tun shekarar da tsuntsayen janbaki suka cinye dawar garin, mahaifinsa ya ajiye tsohon, don tsohon ne ya kama tsuntsun da hannunsa, ya auna kan tsuntsun da ɗan yatsa, ya gano girman idon ragar da ke riƙe shi. Daga ranar ba shi da aiki sai saƙa. Ba ya noma, ba ya kasuwa, akushi ya shiga cike ya fito wayam. Ragar kuwa ta zaren rama ce, damina biyu gara da danshi sun gama da ita, saboda haka kullum yana saƙa sabuwa ana zubar da ruɓaɓɓiya. Shekara goma sha tara ko fiffiken janbaki ba a gani ba. Shi kuma magajin gidan irin mutanen nan ne da zama ke yi musu ƙaiƙayi, bana kiwon kaji, baɗi noman albasa. Duk sa'ad da ya gifta ƙofar ɗakin ya ji tarin tsohon sai ransa ya sosu, don ɗakin mai sanyi ne, kuma albasarsa na can tana ruɓewa a rumfa. Ran nan ya kasa haƙuri, ya ce, "Baba, tsuntsun nan ya manta hanyar garinmu. In ya dawo ma saƙa." Tsohon ya gane sallamarsa ake yi. Ya naɗe zarensa ya koma ƙauyen ƙetaren rafi, inda aka ba shi ɗaki da tuwo.

Kaka ta uku bayan haka, dawa ta yi ido tana jiran lauje, da hantsi sai aka ga wani baƙin abu ya taso daga gabas yana ƙara. Manomin ya ruga ya aro komar masunta, idonta ya yi faɗi, tsuntsayen suka ratsa ta suka wuce. Ya kwance gidan sauron matarsa ya ɗaura, suka riƙa bugunsa suna komawa kan dawa. Ya tara mutanen gida, kowa da zare a hannu, a saƙa a warware, shi kuma yana safa da marwa tsakanin gida da gona, zufa har cikin ido. Sai a kwana na goma suka dace da ma'aunin, alhali janbaki kwana uku kacal suka yi. Ya tsaya a tsakiyar gonar, kara tsaye, kawuna ba ƙwaya ko ɗaya, ya ji kunya ta fi masa yunwar da ke tafe ciwo. A ƙetaren rafi kuwa tun ranar farko aka baza raga, mutanen ƙauyen suka cika rumbuna, har da suyar tsuntsu.

Hajiya Kuluwa ta ce, "To haka jikin 'yarka yake, Malam. Allurar nan tana nuna wa jiki kan tsuntsun ne tun garken bai iso ba. Wasu ƙwayoyin jini sai su riƙe ma'aunin, su shige can cikin ɓargon ƙashi su zauna. Jiki na ciyar da su, su kuma suna ta saƙa makarin cutar suna zubawa cikin jini, shekara da shekaru, don na jiya lalacewa yake yi. In ƙyanda ta zo ta tarar da raga a baje. In babu su, jiki sai ya kwana goma yana koyon saƙa, ita kuwa cutar ba ta jiran kowa."

Malam Ɗanjuma ya daina leƙen ƙofa. Ya sauko da jaririyar daga kafaɗa, ya janye mata hannun riga da kansa. Hajiya ta ɗauki allurar tana cewa, ai dama Hausawa sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.