Tuƙin Inna Paraschiva

Ambaliya ta cinye hanyar asibiti, ga Mioara tana naƙuda. Mijinta Costel ya ruga gidan Inna Paraschiva, tsohuwar da ta ciyo wa Romaniya lambobin zinare uku a tseren kwalekwale.

"Inna, ki taimaka. Duk kogin Danube ba kamarki."

"Ku shiga kwalekwale, ka rage surutu."

Ta zauna ta ba hanya baya kamar yadda ta saba a tsere, ta kama tuƙi. Kwalekwale sai ka ce harsashi. Suna isa gaɓa jaririya ta faɗo lafiya lau.

Wani ɗan sanda ya leƙo, ya yi musu barka cikin harshen Bulgariya, ƙasar da ke ƙetaren kogin.

"Inna, ina kika kawo mu?" in ji Costel.

"Ni tuƙi kawai na iya, ɗan nan. Mai duba mana hanya a tsere ta rasu bara."