Rabin Gashin Bakin Bakanike

Wannan ba ji na yi ba, da idona na gani, kuma duk mai musu ya zo mu dafa.

Tsoho, maƙwabcina, yana da akori-kura da ta girmi 'ya'yansa. Ni ke zama gaba duk ranar kasuwa, kyauta. Aibinsa ɗaya, tsoro: jar fitilar nan ta gaban direba na ƙiftawa, sai ya taka birki ya buɗe bonet, ko da kasuwa za ta watse.

To, kwatsam mota ta daina caji. Kullum batir a mace, kullum turi.

Aka kira surukinsa bakanike, mai gashin baki kamar ƙahon sa. Ya murɗa shi ya ce, "Baba, in rana ta take ban gyara ba, a aske wannan."

Tsoho ya ce, "Na ji." Ya aika a kira wanzami.

Bakanike ya ɗora batir mai rai, ya tayar, ya sa mitar auna ƙarfin wuta. Sha biyu, alhali sha huɗu ake nema. Ya taɓa fambel, bel ɗin da ke juya dinamo, tam. Ya kankare kan batir har yana ƙyalli. Sha biyu. Ya kwance dinamon, wato mai yi wa batir caji, ya ɗaura sabo. Sha biyun nan dai, kamar an dasa ta.

Gumi ya fara bin gashin baki. Ya ba ni tocila in haska masa ƙarƙashin sitiyari. Hannun tsufa, hasken ya yi ta zamewa wajen kujera.

Inuwa ta shige ƙarƙashin mota. Wanzami ya wasa aska a tafinsa.

"A kujerar direba za a yi," in ji Tsoho, "motar ma ta gani."

Aska ta share ɓangaren dama tas. Don baƙin ciki bakanike ya murɗa makulli, sai ya ƙura wa gabansa ido.

"Baba, ina jar fitila?"

Ya zura hannu ta baya. Rami, babu ƙwan fitila. Ashe tsofaffin motocin nan, ta wannan ɗan ƙwan wuta ke bi ta tada dinamo. Babu shi, babu caji. Ya samo wani ya cusa, ya tayar. Sha huɗu cif! Ya fito yana rawa da rabin gashin baki, wanzami na bin sa da aska.

Tsoho ya ce, "To wa ya cire?"

Nan aka tuna da wani ƙaton ɓera da aka gani makon jiya ya fito daga motar, abu na ƙyalli a bakinsa. Kowa ya tsine masa.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne, ban da ɓeran, shi kam ni na ƙera shi a wurin. Ƙwan yana aljihuna har yau, kuma ranar da na zare shi mun isa kasuwa ba tsayawa ko ɗaya.