Buhun Ƙyallayen Yaya

Da ƙafa Auta ta zazzage buhun a tsakar ɗaki, don hannunta ma ƙyashin taɓa shi yake yi. Ƙyallaye suka watsu a kan tabarma, atamfa da leshi da shadda, suna tashin ƙamshin turare da kafur, kamar su ma sun koyi ɗaga hanci a inda suka fito.

Da su take ci. Tun rasuwar mijinta bargon ƙyallaye take haɗawa tana sayarwa, da shi take riƙe 'ya'yanta. Ƙyallayen kuwa daga shagon yayarta suke zuwa, babbar tela mai ɗinkin matan manya, wadda ba ta taɓa ba mutum ko allura ba tare da ta ɗora masa baƙar magana a kai ba.

Yau ma haka aka yi. Yaya ta tare ƙofar shago da jikinta, ta turo buhun waje.

"Ga shararki, Auta. Kada ki shigo, kayan mutane ne ko'ina, na san hannunki da maiƙo."

"Haba Yaya, ko zama ba zan yi ba?"

"Zama a ina? Aiki ya sha mini kai. Ki gode Allah da kike da 'yar'uwa mai ciniki, da yanzu kina bola kina tsintar tsumma."

A gaban mai gyaran takalmi na kusa ta faɗa, shi kuma ya sunkuyar da kai kamar ƙusa ta ɓace masa. Auta ta ɗauki buhunta ta juya, kunnuwanta suna zafi.

Mai ciniki! Mace mai ciniki, amma doguwar riga ɗaya ruwan toka take ta maimaitawa har wuyanta ya koɗe. Yaran ɗinkinta duk ta sallame su, wai ba su iya riƙon almakashi ba. Ko fitilar shagon ba ta kunnawa. Rowa idan ta yi wa mutum katutu, har jikinsa sai ta hana.

A hanya Auta ta yanke shawara: wannan ne buhu na ƙarshe. Akwai wani tela a ƙarshen layi da zai ba ta tasa ragowar. Yadi ne mai santsi, ba ya ƙarko, bargonta zai faɗi daraja, amma ba ya zuwa da zagi. Idan ta gama wannan aikin za ta je ta amayar wa Yaya duk abin da ta haɗiye, a gaban mai takalmin, daga nan kowa ya kama gabansa. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, ta sani. Abin yana yi mata ciwo, amma ta gaji.

Ta zauna ta miƙe ƙafa ta fara rabawa.

Nauyi take fara dubawa, mai kauri da mai kauri, shara-shara da shara-shara, don idan aka haɗa su wanki ɗaya zai sa bargo ya murguɗe. Sai launi. Sai girma: masu faɗin tafin hannu na tsakiya ne, dogaye sirara na gefe, 'yan guntaye kuma a cusa a matashi. Tana rabawa tana bitar kalmomin da za ta jefa wa Yaya, tana zaɓen waɗanda suka fi kaifi.

Ragowar sauran teloli a karkace take zuwa, wani da lanƙwasar hammata, wani da zagayen wuya, duk zanen alli da zare. Ta Yaya kuwa a miƙe, tsaf, kamar an gwada da rula. Mace har shararta sai ta yi mata iyayi.

Wata koriyar atamfa mai ganyen ruwan zinari ta fi yawa a buhun. Auta ta ware ta gefe, ta taɓe baki. Wace matar mai kuɗi ce aka yi wa wannan ɓarnar? Ta shiga jera guntayen a ƙasa don ta ga ko za su ishe ta tsakiyar bargo.

Rabin ganye ya haɗu da rabinsa. Ta yi tsaki, ta ɗauko wani. Shi ma ya zauna daram. Ta matsar da sauran tsibin da gwiwa don ta samu fili, ta ci gaba, yanzu bakinta ya daina motsi. Guntayen gefe suna da kalmasa, tsohuwar kalmasa wadda wanki da guga suka lausasa. Sabon yadin da aka kai wa tela ba ya zuwa da kalmasa.

Ta laluba ƙasan buhun, ta ciro na ƙarshe, ta ajiye shi a gurbin da ya rage. Ya cike.

Auta ta daɗe a durƙushe tana kallon atamfar. Ba a cire hannu ba, ba a cire wuya ba, babu rigar kowa da ta fita daga cikin wannan atamfar: sai yanzu ta tuna shi, zanin fitar unguwar Yaya ne sukutum, Yaya ce ta sa masa almakashi da hannunta, kamar yadda take yi wa kayan akwatinta ɗaya bayan ɗaya tun da masu kawo ɗinki suka daina zuwa, don kada buhun Auta ya koma gida wayam.