Lambun da Kanwa ta Cinye

Can arewa, inda damina ba ta daɗewa, an yi wani mai lambu da ya gaji fadama daga mahaifinsa, da rijiya guda a tsakiyarta. Ruwan rijiyar garai-garai yake, mai daɗi, har matan unguwa kan tsallake rijiyoyin kusa su zo nan ɗiban na sha. Aibinta ɗaya, rowa. In ya ja guga da safe ya shayar da albasa da tattasai, kafin hantsi ta ƙafe, sai ya zauna jiran ta sake tsattsafowa zuwa la'asar. Saboda haka lambun bai taɓa wuce 'yan fangali kaɗan ba. 'Ya'yansa maza biyu da suka kawo ƙarfi, da an gama girbi sai su ɗaure kaya su tafi ci-rani, su bar shi da tsohuwar matarsa, gida tsit. Wannan tafiya tasu ita ce ke ci masa tuwo a ƙwarya.

To, a bayan lambun akwai wani tafki mai faɗi, wanda ko a tsakiyar rani ba ya ƙafewa. Ruwan damina kan gangaro cikinsa daga tuddai, ya wanko ƙasa mai kanwa a hanya, amma babu wata ƙorama da ke fita daga cikinsa. Shanu na son sa, har lasar gaɓarsa suke yi. Mahaifin mai lambun ya sha gaya masa cewa ruwan tafkin na dabbobi ne, ba na shuka ba. Bai faɗi dalili ba, shi ma bai tambaya ba, har ƙasa ta rufe idon tsohon. Wata shekara, da ya ga yaran sun fara haɗa kaya, sai ya je ya ɗanɗana ruwan tafkin. Ya ji ɗan bauri kaɗan, abin da bai kai a yi magana ba. Ya ce a ransa camfin mutanen da ne kawai. Ya tsai da 'ya'yansa, suka haƙa magudana daga tafkin har cikin fadama, suka share fili ninkin na da.

A shekarun farko Allah ya ba da amfani. Albasa ta yi manyan kai, alkama ta yi shar, yaran suka zauna gida, suka yi aure, tsakar gida ta cika da kukan jikoki. Mai lambu kan tsaya da yamma yana kallon ruwa na malala cikin fangali, rana ta shanye shi, gobe a sake sako wani, yana ta hamdala. Daga baya sai bakin ganyen albasa ya fara ƙonewa kamar an gifta masa wuta. Ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Wani farin gari ya soma fitowa a gefen kunyoyi, ya ce ƙura ce, ya ƙara ruwa. Iri ya daina tsirowa a fangalin da ke kusa da magudana, sannan na bayansa. Ran nan matarsa ta ɗora wake da ruwan rijiya, kafin ta juya ya dahu luguf. Ta ce, "Malam, ban sa kanwa ba fa." Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya je ya ja guga ya kurɓa, ya ji baurin tafki a cikin ruwan mahaifinsa.

Ya zauna a bakin rijiyar. Idonsa ya faɗa kan baƙar rigarsa da ya rataya a reshe, gumi ya bushe a bayanta ya bar farin zane. Nan ya gane abin da tsohon bai faɗa ba. Rana ruwa kaɗai take ɗauka ta kai sama ya zama girgije, gishiri da kanwa ba sa bin ta, a ƙasa take barin su. Shi ya sa ruwan sama ke sauka da daɗi, shi ya sa tafkin da ba shi da mafita ke ƙara bauri kowace shekara. Shi kuwa da hannunsa ya yi ta kwaso kanwar yana shimfiɗa wa gonarsa, rana tana kwashe ruwan tana bar masa ita, abin da ya saura kuma ya nutse ƙasa ya tarar da idon rijiya.

Ya toshe magudanar a ranar, amma aikin gama ya gama. Ya sa rai damina za ta wanke ƙasar, sai dai ruwan wannan yanki bai da yawan da zai yi wankin. Fadama ta koma fara fat, ko ciyawa ba ta tsira. 'Ya'yan suka sake ɗaure kaya, wannan karon da matansu da jikokin, ba kuma ci-rani ba ne, ƙaura ce. Matan unguwa suka daina zuwa ɗiban ruwa, har hanyar rijiyar ta mutu. Da tsufansa ya koma ɗaukar tulu zuwa rijiyar maƙwabta, ya bi ta gefen fadamar da ta ciyar da shi tun yana yaro, kanwa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminsa.

Ba mugunta ta kai shi ba, so ya yi iyalinsa su zauna kusa da shi. Amma ƙasa ba ta duba niyya, abin da aka zuba mata shi take riƙewa. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman ƙiba an samo rama.