Kirin da Ya Riƙe Bijimi

Albarka, mai fataucin fata a Gwandu, yana cikin mutanen farko da suka mallaki keke a garin, a zamanin da ake ce masa dokin ƙarfe. Ya saye shi a hannun wani akawu da aka mayar kudu.

Keken ba shi da birkin hannu. In kana so ya tsaya, sai ka danna feda baya. Duk ƙarfin tsayawar nan kuwa yana kan wani ɗan ƙarfe mai kamar harshe, wanda ya fito daga cibiyar ƙafar baya, aka kafe shi a jikin keken da ƙusa guda. Akawun ya nuna masa wurin, ya ce ya riƙa duba shi yana ɗiga wa cibiyar mai.

Wata rana ƙusar ta faɗi a hanya. Albarka ya kai keken wurin abokinsa Lawal maƙeri. Lawal ya ce, "Bar mini shi ya kwana, in ƙera maka wata."

"Ya kwana? Gobe kasuwa. So kake a gan ni a ƙasa kamar kowa?"

"Da can da mi kake zuwa, sarkin 'yan hawa? Ba da ƙafafun da Allah ya ba ka ba?"

Albarka ya yi dariya. Ya zaro wani guntun kiri daga jakarsa, igiyar nan ta ɗanyar fata da ake ɗaure shanu, ya naɗe ƙarfen da ita. Da ta bushe ta kama tamau, ko motsi babu. Ya ce, "Kirin da ya riƙe bijimi, ɗan ƙarfen nan zai gagare shi?"

Lawal ya ce, "Kai ne ka san fata. Amma ka dawo."

Bai dawo ba. Rani ya wuce kirin yana riƙe, sai Albarka ya daina ko kallon wurin. In Lawal ya tuna masa, sai ya ce gobe.

Da damina ta yi nisa, aka aiko daga Kalgo cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya, tana so ta ga jikarta Rahmatu. Rahmatu 'yar shekara shida ce, ita kaɗai ta rayu cikin 'ya'yansa. Matarsa Kubura ta ce, "Malam, ku ɗauki jaki mana. Hankalina bai kwanta da abin ga ba."

"Jaki sai yaushe? Inna na kwance tana jira."

Ya naɗa tsumma a kujerar baya, ya ɗora yarinyar, ya ce ta riƙe rigarsa da kyau. Suka kama hanya tun da sassafe.

Kafin su kai Kalgo suka tarar da wani rafi ya cika. Albarka ya saɓa Rahmatu a wuya, ya tura keken cikin rafin har ruwa ya shanye ƙafafun keken. A ƙetare ya zauna ya matse wandonsa, ya ba ta fura ta sha. Mutumin da tun yana yaro yake jiƙa fata don ta yi laushi, ranar bai tuna abin da ruwa ke yi wa kiri ba.

Bayan rafin akwai tudu, bayan tudun akwai gangare mai tsakuwa da ke sauka har bakin gari. Suka hau, suka fara sauka. Da gudu ya yi yawa sai ya danna feda baya. Ya ji wani abu ya ce ƙas, fedar ta tafi a banza. Kirin ya jiƙe ya saki, ƙarfen ya zame yana juyawa.

Ya sake dannawa. Babu komai.

Rahmatu ta zaci wasa yake mata. Tana dariya tana cewa, "Baba, ƙara! Ƙara!" Har ta saki rigarsa tana tafi.

Ya sa ƙafa a ƙasa, tsakuwa ta fizge takalminsa. Ƙafar keken ta gaba ta daki wani dutse, keken ya wurga su. Shi ya faɗa cikin gonar gero, ya tashi da ƙujewa a gwiwa. Ita kuwa a kan duwatsu ta sauka.

Manoman da suka rugo ne suka ɗauke ta zuwa gidan kakarta. Rahmatu ba ta sake magana ba. Kafin la'asar ta cika. Tsohuwar da ta aika a kawo mata jika, ita ta miƙo zanen da aka lulluɓe ta da shi.

Bayan an dawo daga makabarta, wani ya gunguro keken ya jingine a zaure. Masu gaisuwa suna ta cewa, "Ƙaddara ce, Malam. Kwananta ne ya ƙare." Albarka yana amsawa, idonsa na kan keken. Kirin yana nan rataye a inda ya ɗaure shi. Rana ta sake busar da shi, ya yi tauri kamar ƙarfe, sai ka ce bai taɓa saki ba.

Da ya koma Gwandu, Kubura ba ta yi masa faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Ta ji tsoro?" Ya ce a'a, dariya take. Daga ranar bai ƙara iya jin dariyar yaro ya zauna a wurin ba.

Iyaye 'yan'uwana, kwana na hannun Allah, amma gyara a hannunmu yake. Abin da kuka ɗaure da "gobe zan gyara", kada ku ɗora ɗanku a kansa, domin ranar da zai saki ba zai yi muku sallama ba.