Ƙoƙon Ungozoma

Ke da kike cewa wanda ya daɗe a kan aiki ya wuce a koya masa, zauna in ba ki misali.

A wani ƙauye a gindin duwatsu, inda ake dafa burkutu kamar yadda ake dama kunu a wasu wurare, an yi wata ungozoma da ta shekara talatin da ɗoriya tana yanke cibiya. Hannunta na da albarka, kowa ya shaida. Takan juya ɗan da ya zo a gicciye, takan gane naƙudar ƙarya tun daga bakin ƙofa. Tana kuma da wani magani da ta gada wajen kakarta: duk mai cikin da laulayi ya hana ta cin abinci, sai ta ce a ba ta ƙoƙon burkutu ɗaya da safe, ɗaya da yamma, wai yana tsayar da amai, yana ƙara jini, yana sa ɗa ya kwanta lamo a ciki. Ita kanta ba mashayiya ba ce, tausayi ne kawai. Matan kuwa in sun sha sai barci ya ɗauke su, su farka suna sa mata albarka. Sai dai da yawa cikin yaran ƙauyen sukan zo duniya ƙanana kamar 'yan tsaki, ba sa kama nono da ƙarfi. In sun tasa, a aike su gishiri su dawo da ashana. Malamin makaranta ya yi ta fama, ko harafi ɗaya ya ƙi zama a kansu. Wasu suka ce ruwan rijiya ne, wasu suka ce iskokin dutse. Ita ma ta gaskata, ta yi ta haɗa wa yaran turare da saiwoyi.

Wata shekara gwamnati ta fito da shirin kare jarirai daga illar giya tun suna ciki, aka tara ungozomomin karkara a asibitin ƙaramar hukuma don bitar kwana uku. Tsohuwar ta je ne saboda jakar kayan aiki da aka ce za a raba, mai almakashi da safar hannu. Ta zauna a bencin baya tana cin goro, tana kallon jami'ar lafiyar da ke koyar da su, tana cewa a ranta, wannan yarinyar mai farar riga, da ko haihuwar fari ba ta yi ba, me za ta koya mini? A rana ta biyu jami'ar lafiyar ta ɗaga wani babban kwali mai zanen fuskar yaro: idanu ƙanana, leɓen sama siriri kamar zare, tsakanin hanci da baki a shafe sumul, kai ɗan ƙarami. Goron ya tsaya wa tsohuwa a baki. Wannan ai fuskar ɗan maƙeri ce. Fuskar tagwayen gidan mai unguwa ce. Fuskar jikarta ce, 'yar ɗanta ta fari, wadda ta kai shekara goma sha biyu ba ta iya jera kwanakin mako ba. Dukansu ita ta karɓi haihuwarsu, kuma dukan iyayensu ita ta miƙa musu ƙoƙon da hannunta. Ta miƙe tsaye ba ta ma san ta miƙe ba, ta ce, "'Yata, ko da ƙoƙo ɗaya ne?" Jami'ar ta ce, "Iya, ko da ludayi ɗaya ne. Abin da uwa ta sha, ta cibiya yake bi ya isa ga ɗan, shi kuwa ƙwaƙwalwarsa ba ta gama haɗuwa ba. Wasu ma fuskarsu lafiya lau, a cikin kai ɓarnar take." Tsohuwa ta ce, "To, wace allura ce ke gyara shi?" Jami'ar ta sassauta murya ta ce, "Babu, Iya. Za mu riƙa zuwa muna duba yaran, a koya wa iyaye da malamai yadda za a bi da su, kuma hakan na taimako ƙwarai. Amma abin da ya taɓu ya taɓu."

A daidai lokacin nan mata huɗu masu ciki tsohuwa ta baro a ƙauye suna shan maganinta. Ba ta jira rana ta uku ba. Ta hau babur da la'asar sakaliya, ta bi gidajen nan huɗu ɗaya bayan ɗaya tana kifar da ƙoƙuna, har aka fara cewa ko tsohuwa ta zautu. Washegari ta sa aka tara matan ƙauyen a gindin ɗorawa, ta tsaya gabansu ba sanda ba kujera, ta faɗa musu abin da ta ji ba ta rage ko kalma ba. Ta ce ba rijiya ba ce, ba iskoki ba ne, ita ce. Ta jira a zage ta, babu wadda ta zage ta. Matar maƙeri ce kawai ta juya ta dubi ɗanta, da ke can gefe yana wasa da ƙasa, duk ƙafafunsa shacin tsumagiya. Ta ɗora hannu biyu a ka ta ce, "Wayyo ni! Shekara tara ina dukan yaron nan, ina cewa taurin kai ne."

Shi ya sa masu iya magana suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.